Iyafis a motar haya: amsa ga ɗalibar da kunnenta ke ƙara bayan tafiya

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Bauchi, gidanmu kuma yana Gombe, kusan duk bayan mako biyu ina kan hanya. A tafiyata ta ƙarshe wani mutum da ke bayana ya kunna bidiyoyin TikTok a sifikar waya tun daga tasha har muka wuce Alkaleri, direba kuma ya ƙure wa'azi. Da na gaji sai na sa iyafis na ƙure nawa sautin don in daina jin su. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta yi min magana ban ji ba, da na cire sai ta hau ni da faɗa, ta ce rashin tarbiyya ne, kuma abin nan zai kurmantar da ni. Gaskiya bayan na sauka kunnena ya yi ta ƙara shuuu har dare. Shin da gaske iyafis na kurmantarwa? Wa ke da laifi a cikinmu? Kuma ina da ikon in ce wa mutum ya rage sauti, musamman idan wa'azi ne ko karatu?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya kuma tsare hanya. Aikina gwajin ji ne a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na wani asibiti a nan Bauchi, hanyar nan kuma ta Gombe nakan bi ta a kai a kai, don haka motar da kika kwatanta na san ta ciki da waje. Idan na fahimce ki, abu biyu kike son sani: abin da ya sami kunnenki a ranar, da kuma yadda ya kamata mutanen da mota ɗaya ta haɗa su zauna da juna game da sauti. Zan fara da kunnen, domin ƙarar da kika ce ta bi ki har dare ita ta fi tsaya min a rai fiye da faɗan da aka yi miki.

Abin da ƙarar nan ke faɗa miki

Sauti yana shiga ta ramin kunne ya bugi dodon kunne, wasu ƙananan ƙasusuwa guda uku su miƙa bugun zuwa can ciki, inda akwai wata 'yar gaɓa mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikinta akwai ƙwayoyin halitta masu 'yan gasu a kansu, kimanin 15,000 a kowane kunne. Su ne ke mayar da motsin ruwan ya zama saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Da waɗannan aka haife ki, kuma da su za ki tsufa. Tsuntsu da kifi idan nasu suka lalace wasu kan fito, amma ɗan Adam idan ya rasa ɗaya ya rasa ke nan.

Idan sauti ya yi ƙarfi ya kuma daɗe, ƙwayoyin nan kan galabaita. Ki tuna gero a gona bayan iskar hadari: wanda ya kwanta kawai yakan miƙe bayan kwana ɗaya ko biyu, wanda karansa ya karye kuwa shi ke nan. Ƙarar shuuu da kika ji, da jin kamar an cusa miki auduga a kunne, alama ce ta geron da ya kwanta. Yawanci abin kan wuce cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Amma idan ana maimaitawa duk bayan mako biyu, shekara da shekaru, wata rana zai kwanta bai tashi ba. Saboda haka amsar tambayarki ta farko ita ce e, ana iya rasa ji ta hanyar iyafis, sai dai na'urar ita kaɗai ba ta da laifi. Abin da ke yin ɓarnar shi ne ƙarfin sautin haɗe da tsawon lokacin da aka ɗauka ana ji.

Abin da ya sa mutane ba sa ɗaukar maganar da muhimmanci shi ne ba ta zuwa da ciwo, ba jini, ba zazzaɓi. Kuma ba duka ji take ɗaukewa a tashin farko ba. Takan fara da siraran sautuka, a takardar gwajinmu mukan ga layin ya faɗa rami a wajen 4,000 na ma'aunin kaifin sauti. A yankin siraran sautukan nan ne baƙaƙe irin su s da f da ts da sh suke. Sai mutum ya kasa bambance "fari" da "sari" da "tsari" idan akwai hayaniya a gefe. Kalmar da na fi ji daga bakin irin waɗannan majinyata ita ce, "Ina jin magana, ganewa ce ba na yi." A da, masu wannan ƙorafi su ne masu injin niƙa da markaɗe, da masu walda, da waɗanda ke wuni kusa da janareto. Yanzu ina ganin matasan da ba su taɓa aiki da inji ba. Akwai wani mai keke Napep, bai kai talatin ba, matarsa ce ta matsa masa ya zo, wai yana yi mata kunnen uwar shegu idan tana magana. Sifika ce a ƙarƙashin kujerar kekensa, idan ya tashi aiki kuma iyafis har ya yi barci. Da na nuna masa ramin da ke takardarsa a kunnuwan biyu, ya tambaye ni wane magani zai sha. Na sha wuya kafin in iya gaya masa cewa abin da za mu iya yi shi ne tsare sauran da ya rage.

Lissafin tafiya ɗaya

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hirar mutum biyu a ɗaki tana wajen 60. Ma'aunin nan ba ya tafiya kamar awon mudu, duk ƙarin desibel 3 ninki ne na ƙarfin sautin, sai lokacin da kunne zai iya ɗauka ya rabu biyu. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da ƙa'ida kan sauraro ta waya da iyafis: babba zai iya jin desibel 80 na awa 40 a mako, yaro kuma desibel 75. Idan aka kai 83 sai awa 20, a 86 awa 10, a wajen 90 kuwa awa 4 kacal a duk mako. A desibel 100 abin da ya rage bai wuce minti 20 ba. Waya da iyafis da yawa idan aka ƙure su suna kai wa 100, wasu ma su wuce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa matasa fiye da biliyan 1, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin raunin ji saboda yadda suke sauraro.

To, mu shiga motarki da wannan lissafi. Tsohuwar bas ko Sharon da ke gudu a kan titi, gilasai a sauke saboda zafi, ƙarar inji da taya da iska kaɗai kan kai wajen desibel 80. Ki ɗora wa'azin direba da bidiyon mutumin baya. Kafin abin da kike ji a iyafis ya fito miki sarai, dole ya ɗara abin da ke kewaye da ke da wajen desibel 10. Kin ga kin isa 90 ba tare da kin ji kamar kin yi wani abu ba, domin kunne yakan saba, abin da ya yi miki ƙarfi a tasha zai zama daidai kafin ku kai gadar Dindima. Tsakanin Bauchi da Gombe kimanin kilomita 150 ne, awa biyu da wani abu, ban da zaman jiran lodi. Zuwa da dawowa kawai sun cinye rabon kunnenki na mako guda, tun ba a lissafa abin da za ki ji a ɗakin kwana da dare ba.

Wannan shi ne abin da ya fi ba ni takaici a lamarin. Mutumin da ya kunna wayarsa ya takura miki, ke kuma don ki tsira daga gare shi sai kika ɗora wa kunnenki nauyin da ya fi nasa. Shi ya sauka lafiya, ke kika kwana da ƙara.

Mafitar ita ce a tare hayaniyar kafin ta shiga, maimakon a yi gasa da ita. Iyafis iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai tauri da ke zama a bakin kunne kawai, irin wanda ake haɗowa da waya. Wannan ba ya tare komai, shi ya sa ake ƙure shi a mota, kuma shi ne ke yoyon sauti har na kusa da ke ya ji tsit-tsit-tsit. Akwai kuma mai roba mai laushi a baki wanda ke shiga ya toshe ramin. Wannan na biyu, ko mai araha ne, idan robar ta yi daidai da kunnenki zai rage hayaniyar waje sosai, sai ki ga kina ji da kyau a ƙaramin sauti. Yawanci sukan zo da roba kala uku, ƙarama da matsakaiciya da babba, mutane kuma sukan zubar da biyu ba tare da sun gwada ba. Ki gwada duka, a kowane kunne daban, domin ba lallai ne ramukan biyu su zo ɗaya ba. Sai kuma masu kashe ƙara, waɗanda ke da 'yar makirfo da ke sauraren hayaniyar waje su fitar da kishiyarta don ta shafe ta. Suna aiki sosai a kan gurnanin inji da ba ya canjawa, amma ba su cika iya muryar mutum ko kukan yaro ba, kuma suna da tsada. Idan shiru kawai kike nema, soson toshe kunne irin na ma'aikatan masana'anta ya ishe ki, ba sai kin kunna komai ba. Auduga kam kusan ba ta tare komai.

Ki saita sautin tun kina wuri mai shiru, kafin mota ta tashi, sannan ki ɗaure wa kanki kada ki ƙara a hanya. Akwai ƙa'idar da muke ba mutane don sauƙin tunawa: kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin waya, kuma bayan minti 60 a cire a huta. Ƙiyasi ne kawai, tunda wayoyi da iyafis sun bambanta, amma ya fi babu. A iPhone akwai wurin da ake ɗaure sauti kada ya wuce desibel ɗin da kika zaɓa, yawancin wayoyin Android kuma sukan fito da gargaɗi idan an haura wani mataki. Gargaɗin nan da kowa ke dannawa ya wuce, a kansa ya kamata ki tsaya. Sa iyafis a kunne ɗaya kuma, wanda wasu ke ganin shi ne dabara, a cikin mota mai hayaniya yakan ja mutum ya ƙara ƙarfi, saboda kunnen da ke buɗe yana kwasar hayaniya, kuma sauti a kunne ɗaya ba ya cika kamar a biyu.

Kada ki yi aron iyafis, kada ki ba da aro, ki riƙa goge robar. Toshe kunne na awanni cikin zafi da gumi yana tura dauɗar kunne ciki, yana kuma jawo ƙaiƙayi da kumburin rami, musamman da damina. Idan ya yi ƙaiƙayi kada ki bi shi da tsinken ashana ko gashin kaza.

Mai waya, direba, da maganar wa'azi

Yanzu ga tambayar laifi. A ganina mutumin da ke bayanki shi ne ya fara shiga haƙƙin jama'a, kuma dalilina daga aikina na samo shi. Ido yana da fata, abin da ba ka so ka gani sai ka runtse ko ka kau da kai. Kunne ba shi da marfi, ko barci kake yi a buɗe yake. Tunda mai ji ba shi da hanyar kare kansa, nauyin yana kan mai fitar da sautin. Kujera ɗaya ya biya, amma sautinsa ya zauna a kan kujerar kowa.

Akwai kuma dalilin da ya sa sifikar waya ta fi gurnanin inji cin rai, ko da ba ta kai shi ƙarfi ba. 'Yar ƙaramar sifika ba ta iya fitar da sauti mai kauri, sai siriri mai kaifi, a daidai yankin da kunnen ɗan Adam ya fi saurin ji. Gajerun bidiyoyi kuma kowane 'yan daƙiƙu sai sun canja, daga waƙa zuwa dariya zuwa ihu, ƙwaƙwalwa ba ta samun damar sabawa ta yi watsi da su kamar yadda take yi wa inji. Haka ma mai amsa waya da ƙarfi: rabin zance kake ji, hankalinka na ta ƙoƙarin cike sauran ko ba ka so. Shi ya sa mutum ke sauka a gajiye alhali a zaune ya wuni.

A wasu ƙasashe an mayar da wannan ƙa'ida. A jiragen ƙasa na Japan ana sanarwa a sa waya a shiru kuma a guji amsa kira. Hukumar sufurin birnin Landan ta fito da kamfe a 2025 tana roƙon fasinjoji su sa iyafis maimakon kunna sifika. A nan gida akwai dokar hukumar kula da muhalli ta NESREA ta 2009 kan hayaniya, amma babu jami'in da zai bi Sharon zuwa Bara don ya auna wayar fasinja. Ni ban ga tara ko kamu za su yi mana aiki ba. Abin da nake ganin zai yi aiki shi ne bakin direba da na shugabannin tasha. Da a ce lokacin da ake karɓar kuɗi ɗan kamasho zai ce, "Jama'a, mai son jin waya ya sa abin kunne," da rabin rigimar ta mutu tun a tasha, domin ba wanda zai ji an ware shi.

Kuma ba sai mun je Japan aron wannan ladabi ba. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, hukunci na malamai ne, amma akwai abin da kowa ya taso yana ji. A Suratu Luƙman, aya ta 19, an yi umarni da sassauta murya. A Suratun Nisa'i, aya ta 36, cikin waɗanda aka ce a kyautata musu akwai aboki na gefe, kuma malaman tafsiri da dama sun ce abokin tafiya yana ciki. Wanda cinyarsa ke gugar taka tun daga Bauchi har Gombe, ai ba a fi shi zama a gefe ba.

Maganar wa'azi da karatu ita ce mai nauyi, domin da zarar ka ce a rage, sai a mayar da kai mai ƙin addini. Na taɓa ganin an yi wa wani bawan Allah haka a mota, ya yi shiru yana riƙe da kansa har muka isa. Amma Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana i'itikafi ya ji sahabbai suna ɗaga murya da karatu, sai ya yaye labule ya gaya musu cewa kowannensu yana ganawa ne da Ubangijinsa, kada sashe ya cutar da sashe, kada kuma wani ya ɗaga murya a kan wani wajen karatu. A masallaci ke nan, kuma karatun Alƙur'ani. Sannan aya ta 204 a Suratul A'araf ta ce idan ana karanta Alƙur'ani a saurara a yi shiru. Wanda ya ƙure karatu a motar da ake cinikin gyaɗa ta taga, wani na waya, wani na dariya, bai girmama karatun ba, ya kuma jefa mutane cikin abin da ba su shirya masa ba. Ki ƙara da cewa motar Gombe ba ta mutum iri ɗaya ba ce. Akwai Musulmi, akwai Kiristan da zai wuce Billiri ko Kaltungo, a cikin Musulmin ma ba malami ɗaya kowa ke bi ba. Akwai mara lafiyar da aka sallamo daga asibiti, akwai mai jego da jaririn da aka samu ya yi barci da ƙyar, akwai wanda gaisuwar mutuwa zai je. Roƙon a rage sauti saboda waɗannan ba raina wa'azi ba ne, kuma haka zan faɗa idan waƙar coci ce aka ƙure.

Direba kam ina yi masa uzuri fiye da fasinja. Wani tun asuba yake kan sitiyari, rediyon nan shi ke hana shi gyangyaɗi, kuma ran kowa na hannunsa bayan ikon Allah. Ban so a ce masa ya kashe. Sai dai sifikun da suka fi ƙarfi yawanci a baya suke, a bayan kan fasinja, shi kuma yana ƙarawa ne don ya ji daga gaba. Yawancin rediyon mota suna da wurin karkatar da sauti zuwa sifikun gaba kaɗai. Direbobi da dama ba su taɓa taɓa wurin ba, na nuna wa wasu, suka ji daɗi, domin shi ya fi ji, na baya kuma sun huta. Abin da ba zan yi shiru a kansa ba shi ne direba ko mai keke ya toshe kunnuwansa biyu yana tuƙi, ko ya riƙe waya yana hira. Amfani da waya a kan tuƙi laifi ne a dokar hukumar kiyaye haɗurra, kunne kuma shi ke jin hon na tirela da canjin kukan taya kafin ido ya ga komai.

Kina da ikon yin magana, ƙwarai kuwa. Amma yadda aka faɗa shi ke sa a ji ko a ƙi. Na ga wani ya juya ya ce wa saurayi, "Kai, motar ubanka ce?" Har muka sauka ana cacar baki, wayar kuma ba a kashe ba. Na kuma ga wani dattijo ya dafa kafaɗar wani yaro ya ce, "Ɗana, taimaka wa babanka ka ɗan rage, ina so in runtsa." Yaron ya kashe gaba ɗaya har da ba da haƙuri. Mafi yawan masu yin wannan ba mugunta ce ta sa su ba, ba su taɓa tunanin abin yana damun kowa ba, tunda a gida da majalisa haka ake yi. Idan aka kunyata mutum a gaban jama'a sai ya kare girmansa, idan aka roƙe shi sai ya samu hanyar janyewa da mutuncinsa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ke da kike budurwa, idan namiji ne babba, ya fi miki sauƙi ki bi ta hannun direba ko wani dattijo a motar: "Baba, don Allah ko za a roƙa mana shi ya ɗan rage?" Ki yi maganar da wuri, tun ranki bai ɓaci ba. Idan ya ƙi, ki bar shi, kada ki yi jayayya da baƙo a kan hanya, ki koma ga toshe kunnenki ta hanyar da na bayyana.

Wani abu da ke damuna ko da ba a yi ƙara ba shi ne sa kira a hansfiri ko kunna saƙon murya a cikin mota. Wanda ke ɗaya gefen bai san mutum goma na jin sa ba. Na ji matsalar auren mutane, na ji sakamakon asibitin wata, duk a bakin waɗanda suka ɗauka da mutum ɗaya suke magana. Cin amana ne ko da ba a yi niyya ba. Sannan faɗin nawa ka ɗauko da inda za ka sauka, a gaban mutanen da ba ka sani ba, ganganci ne a wannan zamani.

Ita kuma Mama

Dattijuwar nan ta yi gaskiya a kan kunnenki, kin ga lissafin da kanki. A kan tarbiyya kuwa, ina ganin rashin fahimta ce ta shiga tsakaninku. Iyafis ɗinki yana ƙarƙashin hijabi, ba ta gan shi ba. Abin da ta gani shi ne ta yi wa 'yar cikinta magana, wataƙila har sau biyu, an share ta. A tarbiyyar da ta taso da ita, mota wuri ne na gaisawa, a tambayi mutanen gida, a yi addu'ar tafiya tare, a miƙa wa na kusa abin da ake ci. Wanda ya shigo ya toshe kunne kamar ya ce ba ruwansa da kowa ne. Wannan ɗabi'a tamu mai kyau ce, ba na so iyafis ya kashe ta, kamar yadda ba na so sifika ta kashe haƙƙin mai son shiru.

Haɗa su ba wuya. Ki yi sallama, ki gaida na kusa da ke sosai, ki bari mota ta hau hanya. Sannan ki ce, "Mama, zan sa abin kunne in ɗan yi bitar karatu, idan kina son wani abu ki taɓa ni." Da wuya ki samu dattijuwar da za ta ji haka ba ta sa miki albarka ba. Idan babba ya yi miki magana ki cire duka biyun, ki bari ya ga kin cire. Ki cire kuma a shingen jami'an tsaro, da inda aka tsaya salla ko cin abinci, da lokacin da aka kusa shiga gari ana tambayar masu sauka. Idan kin sauka za ki tsallaka titi, ko kin shiga keke ke kaɗai da dare, ki sa shi a jaka gaba ɗaya. A nan ne karin maganar nan ta in kunne ya ji jiki ya tsira take aiki a zahirinta.

Yaushe za ki zo a duba ki

Daga rubutu ba zan iya sanin halin da kunnenki ke ciki ba, sai an leƙa an kuma gwada. Wani lokaci dauɗa ce kawai ta toshe, a wanke a huta. Wasu magunguna ma suna sa kunne ƙara, irin su kwinin da allurar gentamicin, don haka ki faɗa wa likita duk abin da kika sha kwanan nan. Tunda abin ya taɓa bin ki har dare, ina ba ki shawara ki yi gwaji sau ɗaya ko da ya wuce, don a samu takardar da za a riƙa kwatantawa da ita nan gaba. Idan ƙarar ta wuce kwana biyu, ko tana kunne ɗaya kaɗai, ko akwai jiri, ciwo ko ruwa na fita, kada ki jira hutu. Idan kuma kika wayi gari ji ya ɗauke a kunne ɗaya farat ɗaya, ki je asibiti a ranar, domin maganinsa a kwanakin farko yake aiki. Asibitin koyarwa na Bauchi da na tarayya da ke Gombe duk suna da sashen kunne, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna idan abin ya buƙaci a tura ki.

Gwajin ba ya ciwo, ba allura, bai fi rabin awa ba. Za a zaunar da ke a ɗaki mai shiru, a sa miki abin ji a kai, ki riƙa ɗaga hannu ko danna maɓalli duk lokacin da kika ji ɗan sauti. Kada ki zo kai tsaye daga tasha, ki ba kunnenki kwana ɗaya cur ba iyafis ba hayaniya kafin ranar, in ba haka ba sakamakon zai nuna gajiyar tafiya ce kawai. Ki taho da wayarki da iyafis ɗin da kike amfani da shi, a saita a inda kika saba ji a mota, don mai gwajin ya gani da idonsa.